Waken Kaka da Sikelin Mahauci

Duk sanda na ji ƙarar wake yana zuba a tiya, sai na koma 'yar shekara goma sha biyar a gidanmu na Birni.

Na riga na maimaita aji sau ɗaya. Dokar lakwal kuwa, wato makarantar boko, ba ta da ido: in makina ya sake gazawa, kora ce. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne darasin shimi, wato kimiyyar sinadarai. Mushe, wato malaminmu, ya rubuta a allo cewa nauyin ƙwayar zarra ta karbon goma sha biyu ne, ta oksijen goma sha shida. Ni kuwa a gidanmu ba a taɓa auna nauyin komai ba. Gero tiya, kanwa tiya. Sai nake ɗauka lambobin nan cikar mudu suke nufi, nake ta ɓata lissafi.

Saura mako guda jarrabawa, da zafin bazara, kakata ta same ni a bayan rumbu ina kuka kamar raina zai fita. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma ta sa na faɗa mata darasin da Hausa har sau uku. Sai ta ja mayafi, ta aro sikelin mahaucin unguwa.

«Ƙirga wake ɗari, ƙirga gurjiya ɗari,» in ji ta. Na ɗora su, gefen gurjiya ya rinjaya.

«To, uwar kuka, yawansu ɗaya. Me ya bambanta su?»

Nan take kaina ya buɗe. Nauyin kowace ƙwaya ake nufi, in an gwada ta da wata. Na kama ƙafafunta ina dariya, majina na zuba.

Ranar jarrabawa na ci tambayar nauyin nan, ban kuskure ko ɗaya ba. Amma shekara guda ba ta gyaruwa a mako guda. Rabin maki ya rage mini, aka kira sunana cikin waɗanda aka kora. Har yau abin yana ci mini rai.

Yanzu 'yata lambobin nan a waya take gani, ta haddace su tsaf. Ban yarda da haddar ba. Tun makon farko da ta shiga aji nake zaunar da ita, in ce ta faɗa mini da Hausa. In ta kasa, girki ma jira yake yi sai ta gane.