Hoton da Ban Nuna wa Yaya Saratu Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Saratu, wadda nake bi wa. Ita ce mai yi wa jarirai allurar rigakafi a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu a Dabai. Yaran ƙauyukanmu da yawa suna yawo da tabon hannunta a damtsen hagu, har da 'yata Rifkatu.

Wata biyu bayan ta yi wa Rifkatu allurar tarin fuka, sai kaluluwa ta fito mata a hammata, kamar ƙwan zabuwa. Yaya ta taɓa, ta ce, "Ƙanena, allurar ce take aiki. Kada ka kai wa wanzami ya yi sakiya, za ta sace da kanta." Ni kuwa tsohon soja ne, zuciyata a kusa take. Ranar awo, mata cike da benci, na shiga da yarinya a kafaɗa, na ɗaga hammatarta sama. Na ce su duba abin da Saratu ta yi wa 'yar ƙanenta, balle 'ya'yansu. Wallahi haka na faɗa. Yaya kuwa audugar hannunta kawai take murzawa.

Daga nan mata suka janye. Aka koma kai jarirai wurin wanzami, ita kuma ta wuni a gaban akwatin sanyin da take ajiye maganin rigakafi ba kowa. Da ta gaji sai ta nemi canjin wurin aiki zuwa garin Kanya.

Na ɗauki Rifkatu har Sakkwato, don a lokacin sai a can ake samun na'urar hoton cikin jiki. Niyyata in dawo da shaida in tura wa Yaya a fuska. Likita ya shafa wani mai mai sanyi, ya ɗora kan na'urar, ya nuna mini wani abu baƙi-baƙi mai siffar wake, gefensa sumul. Ya ce babu mugunya a ciki, hakan yakan faru bayan wannan allura, a bar shi kawai. Maganar Yaya ce sak. Ya yago mini hoton a 'yar takarda.

Kaluluwar ta sace kafin kaka. Hoton kuwa na sa shi cikin Littafi Mai Tsarki, ina cewa sai Kirsimeti in je Kanya. Kunya ce ta riƙe ni, ba nisa ba. Zazzaɓi ya riga ni zuwa, ya tafi da ita.

Yau akwai irin wannan na'ura nan kusa da mu a cikin garin Zuru, uwa takan shiga da fargaba ta fito da dariya. Na san da Yaya tana nan, da ta ce, "Oho, sai inji ya faɗa kuke yarda?" Amma har yanzu akwai tsofaffi a Dabai da ke cewa allurar Saratu ce mai kumbura yara, kuma daga bakina suka ɗauka.

Makon jiya na buɗe Littafin. Takardar ta koɗe fari fat, ba a ganin komai. Shaidar da ta rage ita ce ni. To mutanen Dabai, a gabanku na ɓata mata suna, shi ya sa na kawo maganar a jarida: hannun Yaya Saratu ba shi da laifi. Na san haka tun tana da rai, na yi shiru.