Wadda Aka Hana Shan Saura

Kakarmu, Inna Hajjo, ba ta yi mana tatsuniyar dabbobi. In an idar da isha'i muka kewaye murhunta a gidanmu na Jibiya, ana jiyo gurnanin manyan motocin da ke jiran hanyar Maraɗi, labarin kisa take ba mu. Iyayenmu su yi ta faɗa, ita kuwa ko a jikinta. Ga rowa, a ganinmu: in ta sha fura ta rage, gara ta tuttular a rariya da ta miƙa wa jika.

Akwai labarin da ta fi maimaitawa. Wai wani attajirin hatsi ne yake da gidan gona a bayan Magama, 'ya'yansa maza uku da iyalansu duk suna ciki. Kullum da la'asar a dama masa fura, ya sha, ya bar wa jikoki saura, kamar yadda ake yi a kowane gida. Mai fara kai baki kuwa 'yar lelensa ce, ɗiyar babban ɗansa.

"Rannan Alhaji ya sha hura," in ji ta, tana tona garwashi, "kahin magariba ya tahi. Jikoki biyu sunka bi shi."

Haka take faɗa, kamar mai faɗin farashin gero.

Nan da nan gida ya yanke cewa matar ƙaramin ɗan ce ta zuba guba, tunda ita ta dama. Ɗanta na cikin waɗanda suka mutu, amma ba wanda ya duba wannan. Aka yi mata dukan kawo wuƙa, aka kulle ta a ɗakin ajiya kafin a miƙa ta ga hukuma. Wanda ya fi kowa zafin hannu shi ne babban ɗan.

Sai ga aminin marigayin ya zo ta'aziyya daga Maraɗi, wani tsohon jandarma. Bai tambayi wanda ya dama ba. Ya sa aka tara gidan, ya ce, "Wa ka fara shan sauran Alhaji?"

Aka nuna 'yar lelen.

"To ke, ɗiyata, mi ya hana ki rannan?"

A nan Inna Hajjo kan siranta murya. "Baba ne ya ja ni ɗaka. Yac ce in na taɓa ƙwaryar Alhaji yau, sai ya karya ni."

Ashe babban ɗan ne ya zuba gubar, gonar yake so. Ya san yara za su shanye sauran, sai ya janye tasa, ya bar na ƙannensa. A kurkuku ya ƙare.

"Yarinyar fa?" mukan tambaya.

"Ta rayu. Amma ba wanda ya ƙara sa hannu a kwano guda da ita. Ku tashi, wuta ta mutu."

Na girma ina ɗaukar darasin a kan asirin mugu ba ya rufuwa. Sai a zaman makokin Inna Hajjo wata tsohuwa ta sauko daga babur, ta ce daga Magama take, ta tambaye ni ko nan ne gidan Hajjo, wadda aka hana shan saura.

Ashe ita ce yarinyar. Uban ya bar ta da rai, ita kuma da bakinta ta kai shi kurkuku, dangi suka ƙi yafe mata ko ɗaya. Shekara da shekaru tana gaya mana a gaban wuta, mu kuwa muna kiranta marowaciya saboda guntuwar fura. Har yau abin yana ci mini rai.