Zaɓen Sisiliya a Bakin Tukubata

Bayan yaƙin duniya na biyu ina sana'ar tsire a unguwar Masfala da ke Makka, ina naɗe wa mutane nama da tsofaffin jaridun da alhazan Masar ke bari. Cikin masu zama a bencina akwai wani tsoho Bakano da ya taɓa dako a tashar jiragen ruwa ta Musawwa zamanin Italiyawa, da wani Basakkwace mai ga-ruwa.

Wata rana da la'asar tsohon ya cinye tsirensa, ya miƙe takardar yana karantawa, sai ya yi salati.

"Lafiya, Baba?" na ce.

"Ina fa lafiya! An yi zaɓe a Sisiliya. Jam'iyyu biyu sun haɗa kai sun fi kowa ƙuri'a, amma sauran suka taru suka haye kujerar."

Babu wanda ya san inda Sisiliya take sai tsohon. Ya ce tsibiri ne a ƙasar Italiya, garin uban gidansa na da, mai yawan marin leburori, kuma ya rantse cewa akwai hannun mutumin a cikin wannan lamari.

Mai ga-ruwa ya ce, "To mene ne? Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

"Wallahi ƙwace ne, ya shaikh!" in ji tsohon.

Kafin magariba bencin ya rabu biyu. Kanawa suka bi tsoho, Sakkwatawa suka bi nasu, Zabarmawa suka ce sai sun ga ƙarshen labarin, wanda man tsire da yaji suka shafe a takardar. Mai ga-ruwa ya daina kai ruwa gidan tsoho. A masallaci ma kowa ya sake sahu.

Da abin ya kai ga ɗaga sanda, aka kai mu gaban umda, wato mai unguwa. Ya saurara da kyau, sannan ya tambaya ko mutanen Sisiliyar nan suna da takardar zama a Makka. Aka ce ba su taɓa zuwa ba. Ya duba jaridar, ya ce ai ta bara ce.

"Wa ya kawo ta?"

Duk suka juyo suka dube ni. Nan take ɓangarorin suka shirya, har da Zabarmawa, suka yanke cewa ni ne mai fitina. Suka koma sayen tsire wurin wani mutumin Chadi da ke can ƙarshen layi. Sai da aikin hajji ya zo na sake ganin ciniki.