Takardar da Na Hana Baba Dangwalawa

Har yau idan na tuna bakin da na sa a maganar gonar Baba, sai in ji kamar in mari kaina. Ba wanda ya tambaye ni. Ni na kutsa kai, da ilimin da na tsinta a gaban mota.

Lokacin ina tuƙi a wani kamfani da ke unguwar Ruwais a Jidda. Wanda aka haɗa ni da shi wani injiniya ne Ba'amurke, mai surutun tsiya. Larabcinsa a karye, Turancina a karye, amma cunkoson Jidda ya ishi mutum biyu su fahimci juna ko da hannu ne. Wata rana ya nuna mini hoton gonar mahaifiyarsa. Shanu na kiwo, can gefe kuma wani dogon ƙarfe a tsaye. Ya ce a ƙasarsu mai gona shi ke da duk abin da ke ƙarƙashinta. Akwai wani dutse mai falle-falle can cikin ƙasa, man fetur da gas suna maƙale a jikinsa. Kamfani zai haƙa rijiya ta miƙe ƙasa, sannan ta karkata ta bi a kwance, a tura ruwa da yashi da ƙarfi har dutsen ya tsage. Tsohuwar ta ba su hayar ƙarƙashin, ta riƙe saman, kuma tana da kaso a duk abin da ya fito. Abin da ya fi nanata mini shi ne kada mutum ya yarda ya sa hannu a takardar farko. Mahaifiyarsa sau biyu tana korar su, suna dawowa da tayin da ya fi na baya.

Na haɗiye wannan magana ɗungurungum, ban tauna ba.

Baba ya zo aikin Hajji da ni da Inna ina ɗan shekara shida, bai koma ba. Ya zauna a unguwar Nuzla, nan Jidda, yana ɗinki a wani ɗaki da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ni na samu kafili, wato ɗan ƙasa da ya tsaya mini, da iƙama, takardar izinin zama, bayan na girma, shi kuwa ya tsufa ba ko ɗaya. Ya haddace lungunan da ake bi idan masu binciken takardu sun tare hanya. Duk ƙasar nan ba wata takarda mai ɗauke da sunansa. Abin da ya sani nasa ne a duniya shi ne gonar da ya gada a ƙauyenmu, can gabas, hanyar Tafkin Chadi. Da zai taho ya ba maƙwabcinsa aronta, da baki, a gaban dagaci, kan cewa shekara ɗaya zai yi. Idan yana ɗinki yakan lissafa mana iyakokinta kamar mai bitar karatu: tsamiya uku ta arewa, kwari ta kudu, tsohuwar rijiya ta gabas.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci sai dagacin ya bugo waya. Abokin Baba ne na ƙuruciya. Ya ce masu neman mai sun iso yankin, za su ratsa gonaki da injinansu, wasu wuraren ma za su karɓi haya su kafa sansani. Ana bi gona-gona ana rubuta sunan mai ita.

"Alhaji, za a turo maka takarda ta na'urar fakis," in ji shi. "Ka dangwala, ka dawo da ita cikin sati biyu. Shi ke nan."

Takardar ta iso ta shagon wani Basudane a unguwar Mahjar. Ni na karɓo ta. Baba ya riga ya aika an sayo masa tawada, ya wanke hannu ya zauna yana jira kamar mai shirin cin tuwo. Na karanta ta a tsaye, na ga ba ko kalma ɗaya a kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Diyyar shuka ce da ta itatuwa, sai hayar fili idan sun buƙata.

"Baba, ba za ka dangwala wannan ba," na ce. "Cuta ce. Man da ke ƙasa fa? Ina kasonka?"

"Wane mai? Ni gero na sani a gonar nan."

Na zauna na zayyana masa labarin tsohuwar Amurka, har da zanen rijiya mai karkata a bayan kwalin zare. Ya saurara har na gama.

"Ya waladi, ɗana, ita wannan matar tana zaune a gonarta ne ko tana Nuzla?"

Tambayar ta ba ni haushi. Na ɗaga murya. Na ce masa shekara talatin ana taka shi a ƙasar mutane yana cewa ma'alesh, ba komai, yanzu kuma za a taka shi a tasa. Na ga maganar ta shige shi, kuma maimakon in ji kunya sai na ji daɗi. Ya rufe tawadar ya tura ta ƙarƙashin keken ɗinki.

"Halas, shi ke nan. Kai ka yi boko. Yi yadda ka gani."

Na rubuta wasiƙa mai shafi biyu, da sharuɗɗa a jere, na tura. Na zauna ina jiran su dawo da tayi na biyu. Dagaci ya bugo sau uku. A na ukun ya ce a ba shi ni.

"Yaro, a ƙasar nan abin da ke cikin ƙasa na gwamnati ne, ko a tsakar ɗakinka yake. Mutanen nan ba ciniki suka zo yi ba, rubutu suka zo yi. Wasiƙarka ma ba wanda ya buɗe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, dabararsu ce. Za su dawo."

Ba su dawo ba. Ranar da suka isa gonar, maƙwabcin nan suka tarar a ciki da fartanya, shi suka tambaya. Shekara talatin yana nomanta, 'ya'yansa a cikinta suka tashi, mai ita kuma an aika masa takarda ya ƙi. Ya dangwala. Aka rubuta sunansa da iyakoki, aka buga hatimi, kwafi ɗaya ya tafi ofishin ƙaramar hukuma. Dagaci ya yi ta maganar aro, amma sauran shaidun da suka ji da kunnensu duk sun rasu, shi ma bai ƙara shekara biyu a duniya ba.

Na gaya wa Ba'amurken abin da ya faru. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai a nan Saudiyya ma haka dokar take, kusan ko'ina haka take, ƙasarsu ce ta fita daban. Wata shida muna cikin mota ɗaya, bai taɓa faɗin wannan ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Saura kaɗan in hau bayan motar gabana.

Ko rijiya ɗaya ba a haƙa a gonar ba. Injina suka ratsa, suka wuce. Baba bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya dai daina lissafa iyakoki.

Bayan shekara guda maƙwabcin ya zo Umra, ya nemi gidanmu. Na so in rufe masa ƙofa, Baba ya harare ni. Ya shimfiɗa masa darduma, ya dafa shayi da kansa. Suna cikin hirar damina sai mutumin ya ce, "Bana gonata ta yi kyau, wajen kwarin nan." Ya faɗa ba tare da ya lura ba, don a bakinsa ta daɗe da zama tasa. Na dubi Baba. Ya ɗaga butar shayi, ya cika wa mutumin kofi.

"Allah ya sa wa gonarka albarka," ya ce. Sannan ya juyo gare ni. "Yalla, tashi ka kai baƙo tasha. Kai ka san hanya."