Muryar da Hussaini Ya Ara

A unguwar Limawa babu mai kiran Safara'u da sunanta, Uwar Biyu ake ce mata tun ranar da ta haifi Hassan da Hussaini. Daddawa take sayarwa, da ita ta raine su bayan rasuwar ubansu. Yaran kamar an tsaga kara, har malamin allonsu ya sha zane wanda bai yi laifi ba. Ita kuwa ko ta ba da baya ta san wanda ya shigo. Hassan cinye ƙarshen sallama yake yi don gaggawa, Hussaini kuma sai ya ja numfashi kafin ya ce "Inna".

Da yanar ido ta rufe mata gani, kunnen nan ne ya rage mata. Hassan ya tafi Jidda ɗinki tun Jigawa tana sabuwar jiha, saƙonsa a kaset yake zuwa ta hannun alhazai. Hussaini, da ke da shagon kaset ɗin wa'azi a kasuwar Dutse, shi ke kawo mata. Takan zauna ita kaɗai a tsakar gida da rakoda a cinya, ta yi ta juya kaset har batir ya yi sanyi, tana amsa gaisuwa kamar ana jin ta.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, Hussaini ya kawo wani kaset. Sallamar a cinye take, dariyar ma ta Hassan ce sak. Amma kafin "Inna" sai ta ji an ja numfashi. Wai shi dabara, a gaban wadda ta goya shi! Ta kashe rakoda. Abu ɗaya ne zai sa Hussaini aron muryar ɗan'uwansa, kuma ta san shi.

Ba ta nuna masa ta gane ba. Ta yi kukanta a ɗaka, ta sa aka toya waina ta ba da sadaka, ba ta faɗi ta wane ne ba. Kaset bai fasa zuwa ba, shi kuwa Hussaini ya koma bebe a gabanta, don kada kunnenta ya gwada muryoyin. Ya ajiye cefane, ya yi gyaran murya, ya fice. Gidan ya yi mata faɗi, kewa ta ishe ta.

Ran nan da hantsi ya miƙo mata sabon kaset, ta cafke hannunsa.

"Zauna. Ciwo ne ko mota?"

Ya zauna. Can ya ce, "Zazzaɓi ne. A can aka yi masa sutura."

"Allah ya ji ƙansa. Na yi masa sadakar arba'in tun bara. Wanda ke ƙasa kullum yana gaishe ni, kai da ke raye ka hana ni muryarka. Biyu na haifa, Hussaini, kada ka sa in rasa biyun."

Ta ji ya ja numfashi. Ta karkato kunne tana jira.