Rufin Motar Nata'ala

Nata'ala mutumin Fammar ne, dogo, marar yawan magana, wanda ko gaisuwa aka tsawaita masa sai ya fara tunanin me ake nema a wurinsa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tuƙa wa wani attajiri motar gyaɗa tsakanin Rano da Kano, har bayansa ya soma ciwo. Ana saura shekara biyu a ba da mulkin kai ya sayi tasa, wata tsohuwar akori-kura ta Baturen safiyo, wanda ya kafa mata ɗakin katako a bisa yana kwana ciki in ya shiga daji.

Gara ta riga ta cinye ɗakin, don haka ya ɓamɓare shi, mota ta zauna ba rufi. Fasinjojinsa iri biyu ne daga Kibiya zuwa kasuwar Rano: mata masu gari da gishiri, da maza masu zana da rake. Matan rufi suke so. Mazan ba sa so, don kayansu a tsaye suke tafiya. Ga damina ta matso. In ruwa ya taɓa gari sau ɗaya matan za su koma wa jakuna, su ne kuwa cinikinsa na kullum, kuma ba shi da gona.

Dalhatu maƙeri ya kafa masa sandunan ƙarfe biyu a tsawon motar, ya zura musu zobba, yadda za a ja rufin tamfol a buɗe ko a rufe kamar labule. Nata'ala ya sayo sabon tamfol falle biyu a Kano, na gaba da na baya, ya kai wa Shitu baduku, wani tsoho a Rano mai ɗinka guga da kayan doki. Kafin ya kai, ya auna kowanne da igiya a ɓoye, ya ƙulla alama.

Bayan kwana biyar ya koma. Falle ɗaya na nan a naɗe ba a taɓa ba. Ɗayan ya koɗe, yana warin laka, Shitu na kafa masa maɗaurai da basilla. Nata'ala ya zaro igiyarsa ya auna. Taƙi guda ya ɓace. Ya ɗaga kai, sai ga sabon guga a rataye, ya ce a ransa ga inda tamfol ɗinsa ya shiga.

"Baba, ina sauran kayana?"

"Yana kududdufi, ɗana. Kwana uku na danne shi da duwatsu a ruwa. Sabon tamfol tsukewa yake yi. In bai tsuke a hannuna ba, zai tsuke a kan motarka."

"Ruwan garinku da almakashi yake yawo?"

"Duba bakinsa mana, tunda Allah ya ba ka ido."

Ya duba, bai ga yanka ba. Amma a ganinsa wanda ya shekara arba'in da wuƙa a hannu ya san yadda ake ɓoye yanka. Ya bar wa Shitu wanda ya fara, ya saɓa ɗayan ya kai wa wani tela mai keke. Tela ya gama a yini ɗaya, daidai awo, ya ɗame tsaf kamar fatar ganga, ya yi ta yabon aikinsa. Nata'ala ya sa na tela a gaba inda mata ke zama, na Shitu a baya.

Ruwan farko ya same su kusa da Tarai. Nata'ala ya tsaya ya ja rufi, mata suka sa masa albarka. Ba a yi nisa ba na gaba ya sha ruwa ya fara ja, zobba na ƙara a jikin ƙarfe. Sai ɗinki ya ɓarke tun daga gefe har tsaka, ruwa ya kwararo cikin kwanukan gari. Na baya ko gezau.

Iya Tani, wadda ta fi kowa kaya, ta miƙe da kwano a hannu. "Kai Nata'ala, kasuwa na ce ka kai ni ko kunu na ce ka dama mini? Tsaya in sauka, ɗan nema!"

Sati uku ba macen da ta hau motarsa. Ya sake zuwa Kano ya sayo falle, ya dire a gaban Shitu. Da Shitu ya kai shi kududdufi Nata'ala ya bi, ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiya, ya yi yini uku yana gadi.

"Matso kusa," in ji Shitu, "kada kwaɗi su yanki na riga."

Nata'ala bai yi dariya ba, bai kuma ba da haƙuri ba, don bai iya ba. Amma tun daga ranar fatun Shitu kyauta suke zuwa kasuwa a motarsa, har tsohon ya rasu.

Rufin ya yi damina bakwai kafin injin ya mutu, Nata'ala ya koma gadin sito a Rano. Tun a daminar farko matan suka dawo da ɗai-ɗai, kowacce sai ta ja tamfol da hannunta ta gwada kafin ta zauna. Iya Tani ce ba ta dawo ba. In ya cim mata a hanya bisa jakinta yakan rage gudu, ita kuwa ta kau da kai ta kaɗa masa hannu ya wuce.