Wuƙar da Kawu Ya Zaɓa Don Kwanan Daji

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tela ne a kasuwar Boɗinga. Tun ina ƙarami na san shi a kan keken ɗinki, kuma ban taɓa jin ya kwana wani wuri ba sai ɗakinsa. Ko gona bai cika zuwa ba. Yakan ce shi allura kaɗai ya yarda ta soke shi, ban da ƙaya.

Abin ya sauya ne a shekarar da babban ɗansa da ke aiki Sakkwato ya aiko masa da babbar waya. A cikinta ya ci karo da bidiyon wani Bature mai gemu har ƙirji, wanda ba shi da aiki sai shiga daji shi kaɗai, jaka a baya, wuƙa a ƙugu. Da wuƙar nan yake sare rassa ya kafa bukka, ya faskara itace, ya gyara kifi, har wuta yake ƙyastawa da bayanta. Kawu ba ya jin Turanci, amma ya ce ba sai ya ji ba, wuƙar ce ke magana.

Ni a lokacin ina da iyali, ina noman albasa a fadama wajen Dancadi, in aiki ya yi sauƙi kuma in yi kabu-kabu da babur ɗina. Babur ɗin nan ne ya jawo mini. Wata ranar kasuwa na tsaya gaishe shi, sai ya dakatar da keken ya dube ni.

“Ɗana, za mu kwanan daji, ni da kai.”

“Subhanallahi. Mi ya hwaru, Kawu?”

“Ba komi. Hutu za mu yi.”

Na ce masa ni da nake kwana fadama ina gadin injin ban ruwa, sauro na yin walima da ni, ban taɓa jin an kira wannan hutu ba. Ya ce ai don ba ni da yuƙa ta kirki ne. Haka muke kiran wuƙa a wajenmu.

Nan ya zayyana mini irin wadda yake nema. Ba ya son ta aljihu mai naɗewa, wadda a cewarsa take durƙusawa kamar ta ga surukinta. Yana son miƙaƙƙiya, wadda ƙarfenta ya ratsa ƙota har gindi, don kada a tsakiyar aiki a bar mutum da ƙota a hannu. Ta zo da kube. Sai babban sharaɗi, wanda ya gani wajen Baturen: in an goga ta a damtse, ta aske gashi.

Da masu kayan koli na Boɗinga muka fara. Kawu zai ɗauki wuƙa, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa ta da farce ya kai kunne, sannan ya naɗe hannun riga ya goga. Wata ta aske amma ƙotarta roba ce. Wata ƙotarta ta yi amma ƙarfen kamar gwangwanin madara. Ta mahauta ta yi masa siriri. Kafin a tashi kasuwa hannunsa na hagu ya yi fes. Kasuwa ta gaba na dama ya bi. Daga nan ya koma ɗage wando yana gwadawa a ƙwauri, a tsakiyar mutane, dattijo da furfurarsa.

Wani mai koli da ya gaji ya ce, “Malam, in aski kaka so, ga wanzami can gindin iccen bedi.”

Matarsa, wadda muke kira Inna, da ta ga jikinsa dabbare-dabbare, nan da gashi nan babu, ta ɗauka makero ne ya kama shi da tsufa. Ta dafa masa ganyen sabara, ta ware masa tawul. Da ya gaya mata gaskiya ta ce da ma makeron ne, ai shi yana da magani.

Da gashinsa ya ƙare, sai ya fara aron nawa. Zai ce, “Miƙo hannu,” kamar mai karɓar canji. Ban iya musu da ƙanin mahaifiyata a gaban jama'a ba, don haka ni ma na bi sahu.

Da kasuwar Boɗinga ta gaza, na ɗauke shi muka tafi Shagari wajen wani tsohon maƙeri da aka kwatanta mana. Na yi zaton mutumin zai yi mana dariya ya sallame mu. Ashe na kai wuta ne wajen auduga. Kawu ya kunna masa bidiyon, maƙerin ya ajiye guduma, ya bar ƙarfen da ke wuta ya huce, ya ce a sake daga farko. Sai da aka yi la'asar suna kai da kai a kan wayar.

Matsalar da ta taso ita ce tsawo. A waya komai ƙanƙane ne, ba a san girman wuƙar ba. Maƙerin ya tsayar da hoton daidai inda Baturen ya ɗaga ta kusa da fuskarsa.

“Diba nan,” ya ce. “Tsawonta ɗaya da gemunai.”

Ya ɗauko kara ya auna gemun Kawu. Sannan ya ce gemun Bature ya fi na Kawu, ya ƙara. Ya ce Bature dogo ne, ya ƙara. Ya ce dajinsu ba ƙaya, namu kuwa duk ƙaya ne, ya sake ƙarawa. Kawu ya ce a ɗan daɗa saboda ko a gamu da kada. Na ce babu kada a inda za mu. Suka dube ni su biyu kamar na yi ashar a masallaci, aka daɗa na kada.

Ranar da muka koma karɓa, na ga abin da ya wuce wuƙa amma bai kai takobi ba. Da sifirin mota aka ƙera ta, ƙotarta ta ƙirya, tsawonta ya zarce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu. Aka zo gwaji, ba gashi a jikin Kawu, ba a nawa, na maƙerin kuwa wuta ta cinye tun yana saurayi. Sai ya tashi daga kan buzun da yake zama, ya goga ta a kai. Ta share gashin tumakin nan kamar an shafe allo. Kawu ya yi kabbara.

Badukun da aka kai wa aikin kube, da ya ga girmanta, ya ɗauka ta wani mai sarauta ce. Ya yi mata jan kube da zanen kore, da tuntaye suna lilo. Shi kuma Kawu ya tara ƙyallayen da suka rage a shagonsa, shadda da atamfa da yadin 'yan makaranta, ya ɗinka mana tanti. In ka shimfiɗa shi sai idonka ya yi ruwa.

Bayan an gama girbin dawa muka tashi, wata rana da azahar. Na tuna masa cewa zamanin nan ba na shiga daji ba ne, ya ce ba nisa za mu yi ba, bayan gari kawai. Ya hau bayana, wuƙa rataye a ƙugu, bakin kuben na dukan salansar babur duk inda muka faɗa rami. Muka wuce Lambara, muka saki titi, muka tsaya a wani ɗan kurmi bayan wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don har yau muna gaisawa da mutanensa.

Kawu ya zare wuƙa ya yi bisimilla, ya kai wa wani reshen bagaruwa sara da iyakar ƙarfinsa. Ta shige, ta ƙi fita. Ya ja, na ja, muka haɗu muka ja. Muna cikin wannan kokawa da itace, ga tantinmu mai launi bakwai a ƙasa, wasu mata masu ɗauke da itacen girki suka ɓullo. Suka tsaya, suka dube mu, suka zubar da kayan suka zuba da gudu.

Ba a jima ba 'yan sintirin ƙauyen suka kewaye mu da gorori. Ban ga laifinsu ba, ni ma in na ga haka a bayan gidana abin da zan yi ke nan. Allah ya taimake mu ɗaya daga cikinsu ya gane Kawu.

“Kai, ku dakata! Wanga ai telan Boɗinga na. Shi ar riƙe min riga har Salla ta wuce.”

Wannan shaida ta wadatar a kan cewa ba ɓarayi ba ne mu. Suka taya mu cire wuƙar, ɗaya ya ɗauke ta a kafaɗa, aka wuce da mu wajen mai gari.

Muka same shi a zaure da dattawansa da limamin garin. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa, aka yi gaisuwa doguwa. Aka ajiye wuƙar a gabansa, ya daɗe yana kallonta, sannan ya dubi Kawu.

“Malam, kana da gida?”

“Ina da shi, ranka shi daɗe.”

“Da ruhi bisa? Ba shi yoyo?”

“Ko ɗiso, Allah shi ba ka nasara.”

“Dabba ta ɓace maka? Ko hwarauta kaka yi?”

“A'a, ranka shi daɗe. Hutu munka zo yi.”

Dattawa suka dubi juna. Kawu ya ga ba a gane ba, ya ciro waya ya matsa da gwiwa ya kunna bidiyon. Mai gari ya kalla da natsuwa har inda Baturen ya zauna shi kaɗai gaban wuta yana gasa kifi guda.

“Wanga bawan Allah,” ya ce, “ina matatai?”

“Ba a nuna ta, ranka shi daɗe.”

“To ka gani. Shi ma koro shi anka yi.”

Dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce Allah shi kyauta. Kafin Kawu ya farga, an yanke cewa rikici ne ya haɗa shi da iyalinsa har ya kwashi tsummokara ya shigo daji. Ya rantse lafiya lau ya rabu da Inna, har dambu ta ƙulla mana. Liman ya ce wannan shi ne dattako, mutum yana cikin wahala amma yana rufa wa iyalinsa asiri. Na buɗe baki zan yi bayani, wani tsoho ya ce in bar manya su yi magana. Duk rantsuwar da Kawu ya ƙara, sai girmansa ya ƙaru a idonsu.

Mai gari ya ce ba a taɓa barin baƙo ya kwana daji a ƙasarsa ba. Aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka, da fura mai sanyi, aka buɗe mana ɗakin baƙi, aka shimfiɗa wa Kawu katifar da ta fi tasa ta gida laushi. Iyakar kwanan dajin da muka yi ke nan.

Da safe muka tarar an shirya tawaga: liman da dattawa biyu, da ƙullin goro da kwandon albasa, za su Boɗinga ba Inna haƙuri. Na zagaya bayan ɗaki na kira ta a waya na gaya mata komai, ina zaton za ta ce in hana su. Sai na ji tana dariya har da tari.

“Bar su su taho,” ta ce. “In share zaure.”

Suka shiga mota, mu muka yi gaba a babur. A zauren gidan Kawu aka zauna, Inna tana daga bayan labule. Liman ya yi nasiha mai ratsa jiki a kan haƙuri da zaman tare, ya ce ta dubi tsufan mutumin nan, ta dubi yadda damuwa ta sa har gashin jikinsa ya zube. Na ga labulen yana rawa, na san dariya take dannewa.

“Na jiya, Malam,” ta ce da wata murya ta wadda aka daɗe ana cuta. “Don girmanku na haƙura. Amma da sharaɗi.”

Ta ce ya daina aske jikinsa a kasuwa. Ta ce atamfarta da ke shagonsa tun Sallar bara, ya ɗinka mata kafin ya taɓa ɗinkin kowa. Ta ce kuma ya gyara ƙyauren madafa da ya ɓalle tun damina.

Kawu ya zabura. “Wai yaushe kika kore ni?”

Liman ya dafa masa gwiwa. “Yi kurum, Malam. Da ƙyar munka samu kanta.”

Aka shafa fatiha, aka raba goro, aka miƙa wa Inna wuƙar da kubenta a matsayin amana. Ita ke faskare da ita yanzu, da fasa kabewa, kuma ta ce ba a taɓa shigo mata da abu mai amfani irinta ba. Atamfar ta samu ɗinki a makon, ƙyauren ma ya koma mazauninsa.

Tun daga lokacin mutanen ƙauyen nan ba su da tela sai Kawu. In sun shigo kasuwar Boɗinga sai sun biya shagonsa, su ajiye ɗinki, su gaisa, sannan ɗaya ya sunkuya ya rage murya.

“Malam, ƙaƙa gida? An dai zauna lahiya?”

Da farko yakan ajiye almakashi ya fara bayani tun daga Baturen. Yanzu ya daina. Ba ya ko ɗaga kai daga keken.

“Alhamdu lillahi,” yakan ce. “Tana haƙuri da ni.”